Gajerun itatuwan holi na ƙofar gidana suna yin rawaya, ku taimaka da shawara

MamanHanif_Atlanta:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu hannu a harkar shuke-shuke ina neman shawara. Bara a watan Agusta muka tare a gidanmu nan bayan garin Atlanta. Mun tarar da wasu gajerun itatuwa guda 7 jere a ƙarƙashin tagogin gaba, dunƙule-dunƙule kamar an kife kwanduna, tsayinsu bai wuce cinya ba. Ganyensu ƙanana ne, ba su fi farcen ɗan yatsa ba, kore shar har tsakiyar hunturu. Wanda ya sayar mana da gidan ya ce holi ne, irin gajeren nan. Tun watan Maris guda 3 na kusa da matakalar shiga suka fara yin rawaya, ganye na zuba, yanzu ɗaya gefensa guda ya bushe ƙayau. Kullum da asuba na'urar ban ruwa tana kunna kanta, ni ma da yamma nakan ƙara musu da tiyo saboda tausayi. Na barbaɗa musu takin da muke sa wa ciyawar gaban gida, abin sai gaba yake yi. Ga shi ƙungiyar masu gidajen unguwa ta aiko takarda cewa mu gyara gaban gida. Baban Hanif ya ce a tuge su duka a huta, ni kuwa raina bai so ba, don su na fara gani ranar da muka zo duba gidan. Me ke damun su, kuma za su tashi?

Alhaji_Houston:
Wa alaikumus salam Maman Hanif. Kafin komai ki kashe na'urar nan ta wannan ɓangaren yau, ki naɗe tiyo ki rataye. Mu da muka taso inda ruwa ke da wuya, da mun ga ganye ya yi rawaya ƙishirwa ce ke faɗo mana a rai. To amma itacen da ruwa ya yi wa yawa da wanda ƙishi ya kama kamanninsu ɗaya ne a ido, domin saiwar da ta ruɓe ba ta iya zuƙo ruwa ko da tana zaune a cikinsa. Ƙasarku ta Jojiya jar laka ce mai riƙe ruwa, ba rairayin Gumel ba ce da za ki zuba guga ya ɓace nan take. Ki tura yatsa cikin ƙasar gindinsu har gaɓa biyu ki faɗa mana abin da kika ji.

Ummi_Manchester:
Anya kuwa holi ne? Wanda na sani nan Ingila ganyensa mai sheƙi ne da ƙayoyi a gefe, in ka taka shi ba takalmi sai ka yi tsalle, ga jajayen 'ya'ya lokacin sanyi. Wannan da kika kwatanta ya fi kama da boks da ake yi wa aski a lambuna.

Malam_Tsirrai:
Ummi, wanda kika sani ɗaya ne daga cikin dangi. Sunan zuriyar a kimiyyance Ilex, kuma iri-irinsu sun haura 400 a duniya. Naku na Ingila shi ne Ilex aquifolium. Akwai da yawa da ba su da ƙaya ko ɗaya. Shi ya sa kalmar "gajeren holi" ba ta ishe mu ba, domin a kudancin Amurka aƙalla iri uku ake sayarwa da wannan suna, kuma halinsu ya sha bamban: na Japan, da yopon wanda ɗan ƙasa ne a can, da na Sin. Sai mun san wanne ne sannan magani ya yi daidai.

Maman Hanif, ki karyo ɗan reshe ki duba abu uku. Na farko, zaman ganye a jikin reshe: in biyu-biyu suke suna fuskantar juna, boks ne kamar yadda Ummi ta yi zato, in ɗaya nan ɗaya can suke hawa kamar matakala, holi ne. Na biyu, launin sabon reshe: na Japan kore ne, na yopon toka-toka ne kamar an shafa masa farar ƙasa, sabon tohonsa kuma yakan yi ja-ja. Na uku, in kin taɓa ganin 'ya'ya: na Japan baƙaƙe ne, na yopon jajaye.

MamanHanif_Atlanta:
Na gode ƙwarai. Alhaji, na tura yatsa, ƙasar jiƙe take sharkaf, har da ɗan wari kamar na ƙasan randa da aka daɗe ba a wanke ba. Malam, ganyen ɗaya nan ɗaya can ne, reshen kore. 'Ya'ya kuwa na tuna a watan Nuwamba Hanif ya kawo mini wasu ƙanana baƙaƙe a tafin hannu yana tambaya ko ana ci, na karɓe na zubar.

Malam_Tsirrai:
To na Japan ne, Ilex crenata. Kuma kin yi daidai da kika karɓe. 'Ya'yan holi kowane iri ne ba na ci ba ne ga mutum, suna sa amai da gudawa, musamman ga yara ƙanana. Tsuntsaye dai suna ci lafiya lau.

Wannan iri yana da kyau amma shi ne mafi tsirfa a cikinsu. Yana son ƙasa mai danshi wadda ruwa ba ya kwana a cikinta, mai ɗan tsami, wato ma'aunin pH tsakanin 5 da 6.5. Abubuwa biyu nake zargi. Ɗaya, kin ce na kusa da matakala ne suka kamu. Siminti yana sakin farar ƙasa a hankali, sau da yawa ma magina kan binne ɓaraguzai a gindin gini, sai ƙasar wurin ta koma mai kanwa-kanwa. In haka ta faru itacen ba ya iya ɗaukar sinadarin ƙarfe ko da akwai shi a ƙasar, sai sabon ganye ya fito rawaya jijiyoyinsa kore. Na biyu ya fi muni: akwai wata cutar fumfuna da ke baƙanta saiwa, Thielaviopsis, wadda ta fi kama wannan irin fiye da sauran, kuma ƙasa mai sanyi da jiƙe, wadda tsaminta ya ragu, ita take so. Ba za a gane ba sai an tona.

Garba_Bronx:
Ni dai da na ga taki aka sa, na ce nan matsalar take. Itace marar lafiya ba a ɗura masa taki, kamar mai zazzaɓi ne ka ajiye masa tuwo malmala uku. Kuma wani takin ciyawar akwai maganin kashe haki mai faɗin ganye a haɗe da shi. Hajiya ki duba jikin buhun.

MamanHanif_Atlanta:
Na duba Yaya Garba, alhamdu lillahi wannan taki ne zalla, ba haɗi. Amma na daina.

Abu_Fagge:
Ku yi haƙuri in shigo da wata tambaya. Ba wannan ne ganyen da Nasara ke ratayawa a ƙofa lokacin Kirsimeti ba? Ya dace Musulmi ya riƙa wahala a kansa har yana kashe kuɗi?

Talatu_Jos:
Malam Abu, ni Kirista ce, kuma a gidanmu a Jos ban taɓa ganin an rataya shi ba, a kati kawai muke ganinsa. Al'adar Turawa ce, saboda a ƙasarsu cikin Disamba kusan komai ya zubar da ganye, shi kuwa yana nan kore da jajayen 'ya'ya, sai suka riƙa yin ado da shi. Kuma na Maman Hanif ba shi ba ne ma, tunda an ce na Japan ne.

Alhaji_Houston:
Abu ɗana, itace halittar Allah ne, ba shi da addini. Dabino ma ai Kiristoci na ɗaukar ganyensa a wani bikinsu, bai hana mu buɗa baki da shi ba. Kuma ka san hadisin da ya ce duk Musulmin da ya dasa itace, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. Ni a bayan gidana cikin Fabrairu tsuntsaye kan sauko garke guda su share 'ya'yan yopon cikin kwana biyu, lokacin da ba su da wani abinci. Ina ganinsu daga tagar kicin ina jin daɗi. Maman Hanif ba ado na biki take yi ba, amanar da ta tarar a ƙofar gida take son ta kula da ita.

Abu_Fagge:
Na gamsu Baba. Allah ya ƙara girma.

Hajiya_Maryland:
Mu koma kan maganar. Maman Hanif, abin da ya same ki ya same ni shekara huɗu da suka wuce, guda 5 na rasa. Wani mai aikin lambu da na ɗauka ne ya dasa mini, ya haƙa rami mai zurfi kamar zai binne tulu, ya zura su, sannan ya tara ɓawon itace a gindinsu tsibi guda har ya rufe wuyan. Shekara ta farko lafiya, ta biyu suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Da na tona da kaina sai na ga wuyan itacen yana ƙarƙashin ƙasa da kusan tsawon yatsa, ɓawonsa ya yi laushi yana saɓulewa a hannu, saiwoyin kuma suna nan a naɗe da siffar tukunyar robar da aka saye su a ciki, ko kaɗan ba su bazu ba. Na zauna a wurin na yi shiru, don kuɗi ba kaɗan na kashe ba. Ki janye abin da aka rufa a gindin naki da hannu, ki nemo inda gangar jikin ta fara buɗewa ta zama saiwa. Wurin nan dole ya kasance a sarari yana shan iska.

Injiniya_Dallas:
Wani abu da ba wanda ya ambata: ina bututun da ke sauko da ruwan rufi yake zubarwa? Gidajen nan da yawa kusa da ƙofar shiga ake sauko da shi. In a gindin itatuwan yake ƙarewa, duk ruwan saman da ya sauka a rabin rufinki wurin yake taruwa. Atlanta kuma tana samun ruwa wajen inci 50 a shekara, ya fi na Kano nesa ba kusa ba, kuma ba ta da rani irin namu da ƙasa za ta bushe ta huta.

Ga gwaji mai sauƙi. Ki haƙa rami zurfin ƙafa 1 kusa da su, ki cika da ruwa ki bari ya tsane, ki sake cikawa. In yana raguwa kamar inci 1 a awa, ƙasar ba laifi. In kin wayi gari ruwan na nan, ba holin Japan da zai rayu a wurin.

Ummi_Manchester:
Malam_Tsirrai na gode da gyara, yau na ƙaru. Ashe ma ina da shi ban sani ba! Da boks ne a gefen hanyar shiga gidanmu, sai tsutsar nan da ta addabi Ingila ta cinye shi tas cikin mako biyu, ta bar saƙa kamar ta gizo-gizo. Masu sayar da dashe suka ce in sayi Ilex crenata, wai kamarsu ɗaya kuma tsutsar ba ta cinsa. Gaskiya ba ta ci ba, amma cikin 12 da na dasa 4 sun mutu a hunturun farko. Yanzu na gane ruwa ne, don lambunmu daga Oktoba zuwa Maris ƙasar ba ta bushewa.

Malam_Tsirrai:
Haka ne Ummi, mutane da yawa a Birtaniya sun yi wannan canjin tun da cutar boks ta bayyana a shekarun 1990, daga baya kuma tsutsar ta zo daga gabashin Asiya ta ƙara. Amma boks yana jure ƙasa mai farar ƙasa, holin Japan ba ya jurewa, shi ya sa a kudancin Ingila inda ƙasa ke da alli abin ya fi ba mutane wahala. Ku na Manchester ruwan famfonku mai laushi ne, matsalarku yawan jiƙa ce. In a tukunya za ki sa, ki nemi ƙasar da ake sayarwa don tsirrai masu son tsami.

Alhaji_Houston:
Ni fa in Maman Hanif za ta ji tawa, ta daina wahala da baƙo ta nemi ɗan gari. Yopon, Ilex vomitoria, daga Bajiniya har Fulorida har nan Tekzas a daji yake fitowa da kansa. Akwai gajerensa, ana ce wa ɗaya Nana, ɗaya Schillings, in an yi musu aski daga nesa ba ki bambanta su da na Japan. Yana jure fari, yana jure laka, yana jure zafi da iskar gishiri ta bakin teku. Sanyin Fabrairun 2021 da ya kashe mana wuta kwana da kwanaki, lemun tsamina ya mutu har saiwa, furannin matata duk suka zama kamar dafaffen alayyafo, amma yopon guda 9 da ke gaban gidana ko gezau. Shekara 11 ina tare da su, bayan shekarar farko ban ƙara tsayawa ba su ruwa ba sai in fari ya yi tsanani. Aibinsu ɗaya da na sani, rassan suna da saurin karyewa, in yara suka faɗa kansu da ƙwallo sai ki ga rami a tsakiya, amma yana cikewa.

Garba_Bronx:
Alhaji wannan suna fa? Vomitoria ai amai ke nan. Mai yara a gida ta dasa abin da sunansa amai?

Malam_Tsirrai:
Sunan ya zalunce shi Garba. Wani masanin tsirrai na lambun Kew da ke Landan, William Aiton, ya sa masa shi a 1789. Asalin abin, mutanen farko na kudu maso gabashin Amurka suna gasa ganyensa su dafa su sha, kuma a wasu bukukuwan tsarkake jiki maza kan sha da yawa su yi amai da gangan. Turawan da suka gani suka ɗauka ganyen ne ke sa aman. Ganyen kafeyin ke cikinsa kamar shayi, kuma yanzu haka akwai masu sarrafa shi suna sayarwa a Tekzas da Fulorida. Ɗan'uwansa ne mate da ake sha a Ajantina da Uruguwai da Faraguwai, shi ma Ilex ne. 'Ya'yan ne ba a ci, kamar na sauran. Schillings kuwa namiji ne, ba ya 'ya'ya sam, don haka ga mai ƙananan yara ya fi kwanciyar hankali.

Talatu_Jos:
Namiji kuma? Itace na da mace da namiji?

Alhaji_Houston:
Kamar dabino da giginya da gwanda, 'yata. A holi macen ce ke 'ya'ya, amma sai da namiji a kusa, ƙudan zuma su kai mata garin fure.

Injiniya_Dallas:
Don Allah kar wani ya karanta maganar shayin nan ya je ya tsinko ganyen gaban gidansa. Na ado ana fesa musu magani tun daga gandun dashe, kuma ba kowa ke iya tantance irin ba. Wanda ke so ya sayi na leda.

Hajiya_Maryland:
Ban yarda a tuge duka 7 ba Alhaji. Guda 4 lafiyarsu ƙalau, me suka yi? Itacen da ya kai shekaru a wuri ya fi sabon dashe daraja. Kuma in ta haɗa yopon 3 da na Japan 4 a layi ɗaya, launinsu ba zai zo daidai ba, na Japan ya fi duhu da sheƙi. Ni da na rasa nawa na Sin na koma, wanda ake kira Carissa. Ganyensa ya fi girma, ƙaya ɗaya tak a bakinsa, tsayinsa ƙafa 3 zuwa 4, ba ya buƙatar aski sosai.

Malam_Tsirrai:
Hajiya tana da hujja ta wani ɓangaren. In cutar baƙar saiwa ce, na Sin da na Ingila su suka fi kowa jure mata, yopon yana biye. Abin da ba a yi shi ne a maida na Japan ramin da na Japan ya mutu, domin ƙwayar cutar tana zama a ƙasa shekaru. Sai dai a kula wajen saye. A cikin na Sin akwai Rotunda, gajere ne amma ƙayarsa kamar ta bushiya, ba na gidan yara ba ne. Akwai kuma gajeren Burford, wanda sunan gajere kawai ya ci: in an bar shi yakan kai ƙafa 6 zuwa 8, ya toshe taga. Ki karanta takardar da ke rataye a jikin dashen, ki ga iyakar tsayi da faɗi, ki auna daga ƙasa zuwa tagarki. Af, asalin Burford ɗin, wato babban, ɗan garinku ne Maman Hanif, a maƙabartar Westview ta Atlanta aka fara gano shi, aka sa masa sunan mai kula da lambun wurin. Shi yana 'ya'ya ko ba namiji a kusa.

DanDamagaram_Montreal:
Ina karanta ku ina sha'awa. Mu nan yopon ko hunturu ɗaya ba zai ƙetare ba. Wanda ake gani wurinmu shi ne mai shuɗi-shuɗin ganye da wata mata, Kathleen Meserve, ta haɗa a Long Island ta jihar New York don ya jure sanyi. Ko shi ma abin da dusar ƙanƙara ta rufe ne ke fitowa kore a watan Afrilu, wanda ya leƙo sama iska ta ƙone shi. Dalili, ganyen na ci gaba da fitar da ruwa alhali ƙasa ta daskare saiwa ba ta samun ko ɗigo. Don haka mu kafin ƙasa ta daskare muke shayar da su sosai. Kun ga ke ruwa ya yi miki yawa, mu kuma ƙishin hunturu ke kashe namu.

MamanHanif_Atlanta:
Maƙwabciyata ta ce wataƙila sanyin Disamban 2022 ne ya taɓa su tun kafin mu zo, wai a nan ya sauka har digiri 8 a ma'aunin Amurka, kusan 13 ƙasa da sifili a namu. Zai yiwu?

Injiniya_Dallas:
Sanyin ya yi ɓarna sosai a kudu, gaskiyarta. Amma da shi ne, ai duka 7 zai taɓa, ba zai zaɓi na kusa da matakala ba.

Abu_Fagge:
To mu na gida fa? Na ga hotunansa ya burge ni. In wani zai taho ya riƙo mini dashe, zai yi a Kano?

Malam_Tsirrai:
Kar ka sa a ɗauko maka Abu. Tsallaka iyaka da ɗanyen itace da ƙasa a jikinsa sai da takardar izini ta hukumar killace tsirrai, kuma ta haka cututtuka ke shiga ƙasa. Ban da haka, zafin Afrilu na Kano da iskar hunturu mai busar da leɓe za su gama da na Japan. A Afirka muna da namu ɗan dangin, Ilex mitis, amma babban itace ne na dazukan tsaunuka masu sanyi da bakin rafi, irin na tsaunukan Kamaru da gabashi da kudancin nahiyar. In gajeren shinge mai kore kake so, ga duranta mai rawayan ganye da ke ko'ina a Kano da Kaduna, ga iksora in kana da ruwa, ga kuma lalle, wanda in ka riƙa datse shi yana yin shinge mai kyau har da ƙamshin fure.

Talatu_Jos:
Lalle kam kakata ta yi shinge da shi, da bini-da-zugu ta bayan gida. Ba wanda ya taɓa ba su ruwa.

Garba_Bronx:
Tunda masana na kusa, ni a bene nake hawa na 4, baranda kawai gare ni. Na sayi wani siriri mai miƙewa sama kamar sanda, Sky Pencil aka rubuta, yana cikin tukunya. In sanyi ya zo in shigo da shi ɗaki?

Hajiya_Maryland:
A'a Garba, kar ka shigo da shi, zafin na'urar ɗumama ɗaki zai busar da shi cikin makonni. Shi ma na Japan ne, yana son ya sha sanyinsa a waje. Saiwar ce abin tsoro, don a tukunya ba ta da kariya irin ta cikin ƙasa. Ka matsar da shi jikin bango inda iska ba ta bugu, ka naɗe tukunyar da tsohon bargo ko buhu, ka tabbata tana da huda a ƙasa kuma ba ta zaune cikin faranti mai ruwa. Ranar da aka samu sassauci ƙasar ta narke, ka taɓa, in ta bushe ka ba shi kaɗan.

MamanHanif_Atlanta:
'Yan'uwa na dawo da labari. Ranar Asabar ni da Baban Hanif muka tona wanda ya fi lalacewa. Ko ƙarfi ba mu sa ba, da ya ja sai ya taho kamar an zare haƙori mai girgiɗi. Na wanke saiwar a bokiti kamar yadda Malam ya ce mini ta saƙo. Ƙananan saiwoyin da ya kamata su zama farare duk sun yi baƙi, wasu baƙin a baki-baki, wasu gaba ɗaya, in na murza sai su marmashe. Hajiya, maganarki ta fito: wuyansa na binne, ɓawon itacen da aka tara ya kai tsawon tafin hannuna. Injiniya, kai ma ka canka, bututun rufin a bayan na biyun yake zubarwa, ganye ya rufe shi ban taɓa lura ba. Ramin gwajin kuma da safe na tarar da ruwa rabi. Mun sa wa bututun ƙari ya kai ruwan can kan ciyawa. Na kai saiwar da ƙasar wurare biyu ofishin malaman gona na gundumarmu, wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Jojiya, sun karɓa sun ce a jira sakamako. Na kuma rubuta wa ƙungiyar unguwa cewa gyara na tafe.

Alhaji_Houston:
Madalla, gani ya kori ji. Yanzu kar ki yi gaggawar dasa sabo cikin zafin nan. A kudu Oktoba zuwa Nuwamba ne lokacin dashe, ƙasa na da ɗumi sama ta yi sanyi, saiwa ta kama kafin zafi ya dawo. Ki nuna wa 'yan ƙungiyar takardar gwajin, ki share wurin ki shimfiɗa busasshen ganyen itacen fayin (pine) ya yi tsaf, yawanci sukan yi haƙuri. Ranar dashe ramin ya ninka tukunyar sau 2 ko 3 a faɗi, amma kar ya fi ta zurfi. A laka irin taku ma gara kan dashen ya ɗan ɗara ƙasa da inci 1 ko 2. Ki warware saiwar da yatsu in ta naɗe. Abin rufin gindi inci 2 zuwa 3 ya isa, kuma ki janye shi daga jikin itacen. Ruwa a ƙoshi sau ɗaya ko biyu a mako a shekarar farko, ba yayyafi kullum ba.

Malam_Tsirrai:
In sakamako ya nuna tsamin ƙasar ya yi ƙasa, garin farar wuta ake sawa, amma da awon da za su rubuta miki, kuma yana ɗaukar watanni kafin ya yi aiki. Sauran 4 ɗin ki janye musu abin rufi daga wuya, ki bar su ba taki bana. Ki riƙa kaɗa reshe a kan farar takarda lokaci-lokaci, in kin ga jajayen ɗigo suna motsi ƙananan ƙwari ne masu tsotse ganye, feshin ruwa mai ƙarfi ta ƙarƙashin ganye yana rage su. Aski kuma sai ƙarshen Fabrairu kafin sabon toho, kuma ki riƙa zura almakashi ciki kina cire wasu rassa don haske ya shiga, in ba haka ba sama kore ciki ƙirare.

Hajiya_Maryland:
Ina nan kan bakata dai, a bar guda 4 ɗin, a sa Carissa a gurbin 3.

Alhaji_Houston:
Hajiya cutar fa ba ta san iyakar rami ba, ruwa na iya kai ta ga na kusa. In ta bar su, wataƙila baɗi ta sake tonawa.

MamanHanif_Atlanta:
Baban Hanif ya koma bayan Alhaji, ni zuciyata na wajen Hajiya. Na huɗun daga matakala yau na ga ganye biyu-uku rawaya a can cikinsa, amma bakin rassan kore ne da sabon toho. Malam, wannan tsohon ganye ne ke zuba kamar yadda suke yi, ko shi ma in ɗan tona gefensa in duba?